Shekarar da Na Hana Ku Kwana Wajen Uwarku

Jummala da Nafi'u, wannan babin naku ne, ko da yake ƙannenku ma su karanta, don su san irin uban da aka yi kafin a haife su. Abin da ya zaunar da ni rubuta shi wata magana ce da ta dawo kunnena bayan sunan ɗan Nafi'u na uku. An ce kai Nafi'u kana hira da matarka, ka ce mata abin da ka fi tunawa a ƙuruciyarka shi ne ranar da mahaifiyarka ta ɗaura maka leda a ka, ta tura ka waje hadari na gangamowa, don mijinta ba ya so ku kwana a gidansa. Ban ce ka yi ƙarya ba, abin da idon ɗan shekara shida ya gani ka faɗa. Amma ba haka maganar take ba, kuma wadda za ta kare kanta tana ƙarƙashin ƙasa. Cikin manyan da suka san gaskiyar mu biyu muka rage, ni da Malam Yunusa, mijin da ta aura bayana, shi kuwa ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai tona laifina don ya wanke kansa ba. Saboda haka ni zan faɗa.

Mahaifiyarku Safiya ba ta yi mini abin da ya kai saki ba. Ni ne nake da saurin harshe a lokacin. Saki na farko da na biyu, wallahi yau ko an tsare ni ba zan iya tuna dalilinsu ba. Na ukun kuwa na tuna: mahaifinta ya kwanta ciwo, ta nemi izinin wuni ɗaya, jikin tsohon ya tsananta ta yi kwana uku. Da ta dawo ban bari ta ajiye mayafi ba na furta abin da na furta. Magana zarar bunu ce, kafin la'asar na yi nadama, amma igiya ta riga ta ƙare. Ta koma gidansu da ku, kuma da yake ƙauyensu da namu ana jiyo kiran sallar juna, ban ji rabuwar sosai ba. Kuna zuwa gona ku same ni, kuna wuni a ɗakin Inna, kakarku. Haka aka yi shekara guda da 'yan watanni, har aka zo mini da labarin cewa wani maƙeri daga wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa, wanda matarsa ta rasu, ya fito neman aurenta. Malamai suka ce tunda za ta yi aure, kuma tata uwar ta riga mu gidan gaskiya, riƙonku ya dawo hannun Inna. Ranar da aka kai ta, ranar na je na ɗauko ku. Jummala tana shekara tara, Nafi'u shida.

Gidanmu a lokacin gidan gandu ne. Ni da Yaya Ado muke noma gonakin da mahaifinmu ya bari a gabas da Minjibir, rumbu ɗaya, akushi ɗaya a zaure. Shi ne babba, kuma tun rasuwar mahaifinmu maganarsa ce magana. Mutum ne mai riƙon zumunci, kada ku ɗauke shi mugu, sai dai yana da kishin sunan gida fiye da kima. Wata biyu da tarewar Safiya, kawunku Bala, yayanta, ya yi mana sallama da hantsi. Bayan an gaisa an sha fura, ya ce Safiya ce ta aiko shi, da sanin mijinta. Tana roƙon a riƙa ba ta yaran duk ƙarshen wata, su je ranar Asabar su kwana, a dawo da su Lahadi. Bai rufe baki ba Yaya Ado ya ajiye ludayi.

“Bala, ɗan gidan nan ba ya zama agola, ko na kwana ɗaya ne. Kuma yarinya ta fara tasawa. Ta kwana a gidan wani ƙato da ba mu san halinsa ba, gobe wa zai zo nemanta?”

Bala ya yi ta ba da baki. Ya ce mutumin dattijo ne, a je a tambaya. Ya ce ba a raba hanta da jini. Da ya ga ba mu da niyyar sassauci, sai ransa ya ɓaci, ya ce to akwai alƙali. Wannan kalma ita ta tunzura ni. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a ranar ita ce, ba tarbiyyarku nake tsoro ba. Zuciyata ce ba ta iya ɗaukar tunanin ku farka da safe ku durƙusa ku gaida wani namiji a tsakar gidan da Safiya take shara. Kishi ne tsagwaronsa, na sa masa rigar kula da 'ya'ya. Na miƙe tsaye na rantse da Allah cewa wuni kaɗai na yarda, sau ɗaya a wata, kuma duk ranar da aka kira magariba ba ku cikin gidan nan, zuwa ya ƙare har ku girma. Inna tana daga bayan zana tana jin komai. Daga baya na ji cewa Bala ya so kai ƙara da gaske, Malam Yunusa ne ya hana. Ya ce shi ba zai zama sanadin tsayar da uban 'ya'ya a gaban alƙali ba, a karɓi wunin a yi godiya.

Ku kun san nisan wajen. A babur, ta hanyar burji, tafiyar kusan awa biyu ce in babu ruwa. Bala yakan zo bayan asuba ya ɗauke ku, ku isa da hantsi kun yi buɗu-buɗu da ƙura, a yi muku wanka, ku ci abinci, kafin ku saki jiki da uwarku an yi azahar, ana idar da la'asar kuma sai hanya. Jummala takan dawo ba ta magana, ta ture tuwo ta shige ƙuryar ɗakin Inna. Kai kuwa Nafi'u, wata rana muna huɗar gyaɗa ka tambaye ni ko dodo ne yake fitowa a gidan su Umma in rana ta faɗi, shi ya sa ake gudu da ku. Na yi dariya na ce ka ja bakinka.

Ranar da kake tunawa ta zo a tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai. Bala ya kai ku da safe kamar kullum, ya wuce wata kasuwa da niyyar dawowa da azahar, babur ɗinsa ya lalace a can. Wayar hannu a lokacin ba ta shigo ƙauyukanmu ba sai a hannun mutum ɗaya ko biyu, babu yadda za a aiko mini da saƙo. Da azahar ta gota hadari ya fara haɗuwa daga gabas. Abin da ya faru a cikin gidan, daga bakin Jummala na fara jin sa, daga baya Bala ya cika mini. Malam Yunusa ne ya fara cewa a bar yaran su kwana, da sassafe shi zai kawo su ya durƙusa ya ba ni haƙuri, duk mai hankali zai karɓi uzurin ruwa. Safiya ta ce bai san ni ba. Ta zauna da ni shekara goma sha ɗaya, ta san in na rantse ko zan mutu ba na komawa baya. Ta ce in kuka kwana yau, ba za ta sake ganinku ba sai kun yi aure. Ta tsaya tsakanin abu biyu, ko ta sa ku a hanya cikin hadari, ko ta rasa ku shekara da shekaru. Tana kuka ta yayyanka ledar da take rufe buhun dawa, ta ɗaura muku. Malam Yunusa kuma ya dubi sama ya ce wataƙila ya riga ruwan, ya tayar da babur ɗinsa. To ka ji, Nafi'u. Hannun da ya tura ka waje nata ne, amma rantsuwata ce ta tura hannun.

Ni kuma ina zaune a zaure ina kallon ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba, Allah ya yafe mini: wani ɓangare na zuciyata fata yake ku makara. Ina so a kira sallah ba ku zo ba, in samu hujjar rufe ƙofar gaba ɗaya, kowa ya shaida ba ni na karya sharaɗi ba. Ladan ya fito da lema yana nufin masallaci sai na hango mutum yana turo babur ta cikin taɓo. Injin ya sha ruwa ya mutu tun daga nesa. Ya cire rawaninsa ya goya Nafi'u a baya kamar mace, ya rufa masa babbar rigarsa, Jummala tana riƙe da kujerar babur tana jan ƙafa, takalminta ɗaya ya ɓace. Wannan ne ganina da shi na farko. Gajere ne, kakkaura, hannuwansa duk tabon wuta. Ya kwance goyon ya miƙo mini kai Nafi'u, jikinka yana karkarwa.

“Malam Isyaku, ga amanarka. Ba a kira sallah ba tukuna.”

Ba da gatse ya faɗa ba, haki yake yi. Ban ce masa sannu ba, ban ce ya shigo ba. Inna ce ta aiko masa da kunu mai zafi da tsohuwar rigar mahaifinmu. Ya yi magariba a masallacinmu, wani mai gyara ya busar masa da fulogi, ya juya.

Kwana uku bayan nan zazzaɓi ya rufe Nafi'u, numfashi yana fita da ƙyar, haƙarƙari yana shiga yana fita. Muka kai ka asibiti a Minjibir, suka ce limoniya ce, sanyi ya shige ka. Kwana tara muka yi. A kwana na biyu da na uku ma'aikatan ba sa kallon idona in na tambaye su, na san abin da hakan yake nufi. Bala ya kai wa Safiya labari, washegari tun da farar safiya sai ga ta. Ta wuce ni a bakin ƙofa ba ta dube ni ba, ta zauna a gefen gadon ta ɗora kanka a cinyarta. Kai da ka ƙi karɓar komai daga hannuna da na Inna, ka sha koko a hannunta. Kullum haka, mijinta ya kawo ta da safe, ya mayar da ita da yamma. Shi kuwa bai taɓa taka ɗakin ba. Akwai wata bishiyar darbejiya a wajen katanga, nan yake shimfiɗa buhu ya zauna da carbinsa tun safe har la'asar, ga shi lokacin da manoma suke neman lauje da magirbi ne, lokacin da maƙeri yake samun na shekara.

A rana ta huɗu Inna ta same ni a bakin famfo ina alwala. Inna mace ce mai kawaici, ba ta kama sunana, ba ta taɓa yi mini faɗa a gaban mutane ba tun da na yi aure. Ta tsaya har na idar, sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa.

“Kai da yayanka kun ce kuna tsoron abin da gidan mutumin nan zai yi wa yara. To ga abin da gidanku ya yi musu. Ni na tsufa, ba zan iya zame musu uwa ba alhali uwarsu tana da rai. Ka je ka gaida bawan Allahn can, kwana uku ke nan yana shan rana saboda ɗanka.”

Na je. Ban san da me zan fara ba, shi ya rage mini wahala, ya matsa mini gefen buhun, ya tambayi mai jiki. Sai ya ce yana neman gafarata, shi ya yi kuskuren lissafin hadarin, da ya tsaya a wani ƙauye a hanya ya fake da yaron bai jiƙe haka ba, amma yana gudun kada lokaci ya ƙure. Mutumin da ya goyo ɗana a baya shi yake ba ni haƙuri. Na rasa inda zan sa fuskata. Na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina, na ce me yake nema da 'ya'yan wani har yake wahalar da kansa haka. Yana jan carbi ya ba ni labarinsa. Ya ce yana ɗan shekara biyar aka saki uwarsa, ta yi aure a wani gari. Mahaifinsa ya hana shi zuwa. Sau huɗu kacal ya sake ganinta, duk a wajen biki ko rasuwa, a tsaye, cikin mutane. Yana shekara goma sha biyu aka ce ta rasu. Ya ce har yau yana iya tuna zanen da take ɗaurawa, amma ya kasa tuna muryarta.

“Ba na neman su zama nawa, Malam. Suna da uba, ga ka nan. Ni dai ba na so in zama katangar da ta shiga tsakaninsu da uwarsu. Ka zo ka ga gidan da idonka. Abin da bai yi maka ba ka faɗa, in gyara. In bai gyaru ba ka riƙe 'ya'yanka, ba zan ƙara magana ba.”

Allah ya tashi kafaɗunka, Nafi'u, muka dawo gida ka rame kamar kara. Sati guda ina juya maganar a raina ban gaya wa kowa ba, sannan na je wajen limaminmu bayan sallar azahar, na zayyana masa komai har da rantsuwar. Ya ce mini game da yarinya, mijin uwa muharraminta ne har abada, matsayin uba yake a gare ta, wannan ba ra'ayin kowa ba ne, hukunci ne. Abin dubawa kawai shi ne sauran mazan gidan da wurin kwana. Game da rantsuwa kuwa, ya ce wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga waninsa ya fi alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara. Ya dube ni ya ƙara da cewa rantsuwar da take yanke zumunci ba abin alfahari ba ce. Na koma gida na auna gero daga kasona, aka yi tuwo aka ciyar da mabukata goma.

Ranar wata Laraba na ari babur na tafi ni kaɗai, ban aika zan zo ba, don ina so in ga gidan yadda yake kullum. Na same shi a maƙera a ƙofar gida yana dukan ƙarfe. Ya ajiye masaba ya tarbe ni kamar ya san da zuwana. Ya aika ciki mata suka kimtsa, ya zaga da ni. Gida ne na talaka, ɗaki uku, tsakar gida a share, rijiya da murfi. Ɗansa na matar farko ya riga ya zama saurayi, a shago yake kwana a waje, ba ya shiga ciki sai da sallama. Akwai wata tsohuwa, gwaggonsa, wadda ta raine shi, ita ce da ɗaki na biyu. Ya ce Jummala a nan za ta kwana tare da ita, Nafi'u kuma a ɗakin uwarsa, shi a ranakun sai ya koma zaure. Na duba na duba ban sami abin da zan ce a gyara ba, sai katangar bayan gida da ruwa ya ci, na nuna ta don kada a ce ban ce komai ba. Kafin wata ya zagayo ya ɗaga ta. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, loma ɗaya na san hannun da ya yi shi. Da zan tafi, Safiya ta gaishe ni daga bayan ƙyaure, gaisuwa irin ta baƙo. Na ce mata in an yanke gero zan kawo yaran da kaina, su kwana biyu. Sai ta ce, “Allah ya saka da alheri.” Ba ta ƙara ba, ni ma ban cancanci ƙari ba.

Yanzu sai abin da ya biyo baya, don kada ku zaci a banza aka samu. Da na gaya wa Yaya Ado, ya ce na tozarta shi, na zartar da magana a kan 'ya'yan gida ba da shawararsa ba, bayan a gabansa na rantse. A nan yana da gaskiya, ya kamata in fara zuwa wajensa, tsoron kada ya juya ni ne ya hana. Ya daina cin abinci da ni a zaure. Da kaka ta yi ya kira dattawa ya ce a raba gandu, kowa ya ja nasa. Aka raba gonaki, aka gina rumbu na biyu, aka ja zana a tsakar gidan da aka haife mu. Inna ta yi kuka a ranar. A majalisa kuma na sha magana, ana cewa Isyaku ya sallama matar ya bi ta da 'ya'yan, saura shi ma ya tattara ya koma maƙera. Shekara biyu muka yi da yayana sai gaisuwa a masallaci. Ciwon ajalin Inna ne ya sake haɗa mu a tabarma ɗaya, muka yafi juna, amma gandu bai sake haɗuwa ba har ya rasu.

Na cika alkawari. Bayan an yanke gero na kai ku ranar Asabar, na sauke ku a ƙofar gida, na juyo ban shiga ba. Kwana biyun nan sun yi mini tsawo, na yi ta kewaya gida ina neman aikin yi, Inna tana kallona tana murmushi. Ranar Litinin da sassafe Malam Yunusa ya dawo da ku don kada ku rasa makaranta. Jummala ta sauko an yi mata kitso da lalle, tana ba Inna labari tun daga zaure, yarinyar da ta yi wata shida ba ta haɗa magana uku. Kai kuma Nafi'u ka sauko da 'yar fartanya daidai hannunka, sabuwa fil, ka ce Baba Yunusa ne ya ƙera maka, ya ce ka riƙa taya babanka aiki. Na karɓa na jujjuya ta. Ƙira ce ta sosai, ba ta wasan yara ba.

Daga ƙarshen wata aka koma hutun makaranta, daga hutu aka koma duk lokacin da kuka so. Ni ma na yi aure bayan shekara biyu, aka haifi ƙannenku. Abin da Yaya Ado ya ji tsoro bai faru ba, Jummala ta yi aure a ɗakinta da mutuncinta, gida biyu suka yi mata kayan ɗaki. Amma wani abin da ban hango ba ya faru. Fartanyar ba ta riƙe Nafi'u a gona ba, wutar maƙera ce ta ja shi. Daga hura zugazugi ya koma riƙe awartaki, daga nan ya tafi Kano koyon walda. Ranar da ya gaya mini ba zai yi noma ba, na shiga gonar gyaɗa na zauna ni kaɗai, na ce lallai na ba da ɗana da hannuna. Na daɗe ina jin zafin abin, ba zan ɓoye ba. Sai da na ga yana ciyar da iyalinsa da sana'ar, yana gyara wa garinmu injin ban-ruwa da ƙofofi, yana zuwa duk damina ya saya mini taki, sannan na gane ba rasa shi na yi ba. Kuma Malam Yunusa bai koya masa ko dukan ƙusa ba sai da ya tako har gona ya nemi izinina.

A duk shekarun nan ban taɓa jin wata kalma marar daɗi a kaina ta fito daga bakinku ba bayan kun dawo daga can, alhali Safiya tana da abin faɗa da yawa in ta so. Ta rufa mini asiri a wajen 'ya'yana, har ta bar ɗanta ya girma yana zarginta a kan laifin da nawa ne. Wannan ban san shi ba sai bana, da na san shi tana raye da na je na durƙusa.

Da ta rasu shekara biyu da suka wuce, Malam Yunusa bai bari in ji a bakin mutane ba, da kansa ya kira ni a waya. Na isa kafin a ɗauke ta. Bayan an dawo daga maƙabarta na nemi gefe cikin jama'a zan zauna, don tsohon miji ba shi da wurin zama a makoki. Malam Yunusa ya sa aka kamo hannuna, idonsa ya riga ya yi rauni saboda shekarun wuta, ya zaunar da ni kusa da shi a tabarmar karɓar gaisuwa. Can wani baƙo daga cikin abokan aikin Nafi'u ya zo, ya durƙusa, ya dube ni ya dube shi, ya tambaya a cikinmu wane ne mahaifin Nafi'u. Kafin in buɗe baki Malam Yunusa ya nuna ni. Na karɓi gaisuwar, na riƙe hannun mutumin ban saki ba, na miƙa shi ga na kusa da ni.

“Ka yi masa shi ma,” na ce. “Ni na haifa, amma tare muka raina.”

Malam Yunusa ya sunkuyar da kai, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Muka zauna a haka har aka kira la'asar, sannan na kama hannunsa muka tafi masallaci.